Shafin da Renita Ba Ta Buɗe Ba

A kwarinmu, cikin duwatsun West Virginia inda ake haƙar kwal, duk uwar da ke koyar da 'ya'yanta a gida tana da shafinta. Kowace shekara idan watan Mayu ya kama, mukan jera tebura a ɗakin ƙasa na cocinmu, kowa ta kwaso littattafan da 'ya'yanta suka gama da su, a saya, a sayar, a yi musanya. Littafin lissafi ba ya ta da jijiyar wuya, biyu da biyu huɗu ne a gidan kowa. Amma littafin tarihin Amurka, wanda ake ba yaro idan ya kai shekara goma sha biyu, babu mai ɗauka sai ta buɗe shafinta tukuna. Wata yaƙin basasa take nema, ta ga ɓangaren da marubucin ya shafa wa kashin kaji. Wata ta duba abin da aka ce game da mutanen da Turawa suka tarar a ƙasar nan. Wata kuma so take ta ga ko an ambaci Allah a labarin kafa ƙasa. A tsaye za ta karanta layi biyu ko uku, sannan ta taɓe baki ta ajiye, ko ta rungume shi a ƙirji. Da shafi ɗaya muke yanke wa littafi mai kaurin bulo hukunci. Ban ce adalci ba ne, amma haka muke yi.

Renita Maynard ba ta da shafi a shekarar da ta fara zuwa. Tsoro kawai ta zo da shi.

Mace ce 'yar arba'in da 'yan kai, gajeriya, mai saurin tafiya kamar wadda ta bar tukunya a wuta. Tana da shekara goma sha shida ta bar makaranta don jinyar mahaifiyarta, sai da ta girma sannan ta zana jarabawar manya, ta samu takarda da ƙyar da jiɓin goshi. Ta yi aiki a gidan mai, ta yi wankan tsofaffi a gidan kula da su, ta auri Curtis, direban babbar mota wanda gidansa ke ganinsa kamar baƙo. Haihuwa ta yi mata nawa, har ta fid da rai sannan Opal ta zo. Ba aƙida ce ta sa ta cire yarinyar daga makaranta ba, kamar yadda ta sa wasunmu. Makarantar kwarin aka rufe, aka haɗa yaranmu da na wani gari can bayan dutse, hanyar kuwa duk kwana ce. Opal takan fita da jijjifi, ta yi amai a bas, ta dawo a galabaice rana ta faɗi. Wata rana Renita ta wanke rigar aman, ta shanya, ta ce an gama.

To, koyarwa a gida tana da nata sharaɗi. A ƙarshen shekara wata malama mai takardar koyarwa za ta duba aikin yaron ta sa hannu. Wannan malama da Renita ba ta taɓa gani ba ita ce dodonta. Kullum tana hango ta da tabarau a karan hanci, tana buɗe takardun Opal, ta tsinci wurin da yarinya ta yi kuskure uwa kuma ta ba ta maki, ta ɗago kai ta ce, yanzu wa ke koyar da wa a gidan nan? Da wannan hoton a ranta ta shigo ɗakin ƙasa ranar cinikin littattafai.

Glenda Ratliff ce ta tare ta, uwar ƙungiyarmu ta masu koyarwa a gida, wadda ta koyar da 'ya'ya shida a teburin girkinta kuma ba ta barin kowa ya manta da hakan.

"Sista Renita, tun ɗazu nake kallonki kina zagaye kamar kaza mai neman wurin saka ƙwai. Me kike nema?"

"Na tarihi, Sista Glenda. Ni fa tarihin nan ban da shi a ka. Sunayen shugabannin ƙasa ma sai na haɗa da waƙa."

"Wane iri kike so? Akwai mai labari-labari, ku karanta ku tattauna. Akwai mai faifai, malami ya yi ta zuba a talabijin ke kina wanke-wankenki. Akwai kuma..."

"Wanne ne mai amsa?"

"Amsa kamar yaya?"

"Wanda in ta rubuta zan duba in san daidai ne ko ba daidai ba. Ba wanda za a ce in yi tunani da kaina ba."

Glenda ta yi dariya har tana dafa tebur, sannan ta jawo wani shuɗin littafi mai kauri da wani siriri a bayansa. "Ga su nan, uwa da 'ya. Tambaya a babban, amsa a ƙaramin. Yarana shida da shi suka tashi, babu wanda ya zama ɓarawo. Amma ki buɗe mana, kada ki yi cinikin biri a sama."

"In buɗe ina?"

"Shafinki, 'yar'uwa. Abin da in an faɗe shi a karkace zai hana ki cin abinci."

Renita ta ɗauki siririn ta buɗe. Ta ga amsoshi a jere, gajeru, kowace da lambarta, babu wadda ke neman ra'ayin kowa. Wani sanyi ya sauka a ƙirjinta. Babban ko bangonsa ba ta ɗaga ba.

"Na duba," in ji ta. "Shi nake so."

Duk wanda ya san gidan da ta fito ya san shafin da ya kamata ta nema. Ita kaɗai ce ba ta sani ba, don mutum ba ya ganin ƙeyarsa.

A gidan nan akwai mahaifinta, Verlin Sizemore. Rabin rayuwarsa a ramin kwal ya yi ta, ya fito da baƙin huhu, ciwon da ƙurar rami ke bar wa mazanmu gado. Injin iska yake shaƙa dare da rana. Injin yana kicin ne saboda a nan wutar ta fi ƙarfi, doguwar robarsa ta bi ƙasa ta shiga ɗakinsa ta bakin ƙofa, don haka ƙofar ba ta rufuwa. Teburin kicin ɗin kuwa shi ne makaranta. Ke nan duk kalmar da aka karanta a aji, tsoho yana kwance yana ji.

Renita ta kafa doka tun ranar farko. Daga safe zuwa tsakar rana ita ba Mama ba ce, Malama ce. Ta sayi jan biro. Duk amsar da ta saɓa wa siririn littafi za a ja mata layi, sannan Opal ta kwafi daidai ɗin, ta yi ta kwafa har sai ta iya faɗa ba dubawa. Haka aka yi mata a tata makarantar, ba ta san wata hanya ba. Verlin ya laƙaba mata suna Shugabar Makaranta, ya kuma ɗauki kansa ɗalibin bayan aji mai surutu. In aka karanta cewa wani janar ya tsallake kogi cikin ƙanƙara, sai a ji murya daga ɗaki, "Da ni ne da na bi ta gada." Opal ta tuntsire da dariya, Renita ta buga biro a tebur, ita ma tana cije leɓe kada ta yi.

Da rana ta karkata sai a tashi daga aji, Opal ta haye ƙarshen gadonsa da allon dara. Tsako yake kiranta, ita kuma Papaw, yadda jikokinmu ke kiran kakanninsu maza. A nan take jin nasa tarihin. Labari ɗaya ne a gaskiya, sai dai yana da rassa. Shekarar da rufin rami ya rufto ya danne ƙanensa Dell, bayan ma'aikata sun yi ta kukan cewa ana tsimin ƙarafan tokare rufi. Yadda suka ajiye kayan aiki suka fito, suka ƙi komawa. Yadda matansu suka zauna a tsakiyar titi suka hana motocin kwal wucewa. Yadda aka kwashe shi aka kulle. Kada in yi masa ƙarya don ya mutu, Verlin yana sa wa labari gishiri. 'Yan sandan da suka kama shi suna ƙaruwa kowane faɗi, ƙanƙarar shekarar tana daɗa tsawo, yau ta kai gwiwa, gobe ta kai ƙugu. Amma Dell bai taɓa canjawa ba, haka ma abin da suka samu a ƙarshe: daga ranar, a raminsu, mutum yana iya duban rufi ya ce ba zan shiga nan ba, kuma ba a kore shi ba. Opal ta kan saurara baki buɗe, ta manta da darar. Tsohon ya san numfashinsa ƙarewa yake yi, kuma ba shi da abin bar wa jikarsa sai wannan.

Haka aka yi ta tafiya lafiya har cikin hunturu. An kafa ƙasa, an yi yaƙin basasa, an shimfiɗa layin dogo, babu abin da ya taɓa gidan. Sai wata safiya aka iso babin ƙungiyoyin ƙwadago.

Opal ce ke karantawa da ƙarfi, Renita na yanka albasa. Littafin ya ce masu yajin aiki galibi mutanen kirki ne da 'yan ta-da-zaune-tsaye suka hure wa kunne. Ya ce yaji ya kawo yunwa a gidaje, da tsadar kaya, da rufe wuraren aiki. Ya ce gyaran da aka samu da ma yana tafe, ko da yaji ko babu. Wuƙar Renita ta tsaya.

"Tsako," in ji murya daga ɗaki. "Maimaita min na ƙarshen nan."

Opal ta maimaita.

"Da ma yana tafe. To, a ƙafa yake tafe ko a keke? Don Dell ya jira shi a ƙarƙashin dutse, bai iso ba."

"Baba, muna cikin aji," in ji Renita.

"Tuba nake, Shugabar Makaranta."

Ranar Juma'a aka yi gwaji. Tambaya ta ce, me yajin aiki ya jawo? Opal ta rubuta da kyakkyawan rubutunta mai zagaye: ya sa mutum yana iya cewa ba zan shiga ramin nan ba, rufinsa zai faɗo, kuma ba a kore shi ba. Renita ta buɗe siririn littafi. Yunwa a gidaje, tsadar kaya, rufe wuraren aiki.

Ta daɗe riƙe da jan biron. Malamar tabarau ta zo ta tsaya mata a kai, wannan gaskiya ne. Amma akwai wani abu ƙarƙashin tsoron, wanda ba ta taɓa faɗa wa kowa ba. Tana da shekara tara lokacin yajin. Abin da ta riƙe daga shekarar ba mata a titi ba ne, ba kuma jarumta ba. Wake ta riƙe, safe da yamma, da burodin masara babu man shanu. Da kwana cikin rigar sanyi a kan gado. Da ranar da wani mutum ya zo ya ɗora keken ɗinkin mahaifiyarta a bayan mota, uwar tana tsaye a ƙofa tana goge hannu da zane. Da ta ga yunwa a gidaje rubuce a littafi, baƙi a kan fari, sai ta ji kamar yau ne aka fara tambayar yarinyar nan 'yar shekara tara yaya ta ji. Ta ja layin, ja wur, daga wannan gefe zuwa wancan.

"Amma Papaw yana wurin, Mama."

"Malama."

"Malama. Papaw yana wurin."

"Papaw ba ya cikin littafi."

"To ƙarya yake yi ke nan?"

"Ban ce ƙarya ba. Cewa na yi ba ita ce amsa ba. Ɗauki fensir ki kwafa."

Opal tana da wata ɗabi'a tun tana ƙarama, ba ta iya rubutu shiru, sai tana faɗin abin da take rubutawa ƙasa-ƙasa. Ta sunkuyar da kai ta fara. Yunwa a gidaje, tsadar kaya, rufe wuraren aiki. Ta sauka layi na gaba ta sake. Ta cika shafi, ta juya. Ƙofar ɗakin tana nan yadda take kullum, a buɗe faɗin tafin hannu, kuma a ranar ɗalibin bayan aji bai ce komai ba.

Da yamma Renita ta shiga kai masa magani, Opal tana waje wurin kaji. Yana zaune bakin gado, hannuwansa a kan gwiwa.

"Na ji labarin na faɗi jarabawa," in ji shi.

"Baba, ba da kai ake ba. Matar nan za ta zo ta duba komai, in ta ga..."

"Jan layi har da ƙara. Ina nan na ji biron yana kuka."

Da ta yi shiru da an wuce wurin. Amma Renita jininsa ce, bakinsu ɗaya.

"To ƙarya littafin ya yi? Ba a yi yunwa ba? Kai kana titi ana tafa maka, mu muna gida muna cin wake kamar awaki. Ka taɓa ba Opal labarin keken ɗinkin Mama? Wannan reshen ba ya cikin labarinka, ko?"

Tsohon ya dube ta. Ya ja iska sau biyu kafin ya samu ta magana.

"Ban san kina riƙe da shi ba, Nita."

"Ni ma ban sani ba."

"Na so in sake saya mata. Kullum sai in ce wata mai zuwa." Ya ɗaga robar da ke hancinsa da yatsa, ya sake ta. "Koya mata abin da zai fisshe ta. Nawa ga inda ya kawo ni."

Ta fito da kofin a hannu, zuciyarta kamar an ɗora dutse. Ta san ta faɗi gaskiya, ta kuma san ba lokacin faɗinta ba ne, ba kuma wurin ba.

Dara ba ta tsaya ba, labari ne ya tsaya. Sau ɗaya kawai tsohon ya gwada, bayan 'yan makonni, da aka yi ƙanƙara mai yawa ta tuna masa. Ya fara da 'yan sandan da suka zagaye shi, sai Opal ta ce, ba da rashin kunya ba, da muryar ɗaliba mai son a yi daidai, "Papaw, wancan karon ba haka ka ce yawansu ba." Ya yi dariya, dariyar ta zama tari, ya ce ta matso da allon, wasanta ne. Renita tana kicin tana ji, ta ji kamar an tsinka mata mari. Muryarta ce ta ji a bakin 'yarta.

Ba wai ba ta yi niyyar gyarawa ba. Ta yi, kullum. Tana wanke-wanke tana shirya yadda za ta yi: a bari malamar ta zo ta tafi, a samu sa hannun nan, sannan ta ajiye shuɗin littafi, ta kawo Baba kan tebur ya zama malami, ya faɗi nasa, ita ma ta faɗi na keken ɗinki, yarinya ta ji duka biyu. Shiri mai kyau, babu abin kushewa. Curtis ma da ta gaya masa a waya daga can wata jiha ya ce, "Me zai hana gobe?" Ta ce ba zai gane ba, kada a rikita yarinya ana dab da dubawa. Mu mata mun iya wannan, mu ajiye abu mai muhimmanci a saman kabad don kada ya fashe, har ranar da za mu ɗauko mu tarar lokacinsa ya wuce.

Ranar dubawa ta zo da bazara. Dodon da Renita ta shekara tana tsoro ashe wata yarinya ce ƙarama mai fara'a, ba tabarau, da jariri a kafaɗa yana zubar mata da miyau a riga. Ta buɗe tulin takardun daga sama, ta yaba tsabtar rubutu, ta sa Opal ta karanta mata sakin layi ɗaya, ta sha kofi, ta ce burodin masarar ya yi daɗi, ta sa hannu. Ko kusa da takardar jan layin ba ta kai ba. Renita ta raka ta mota, ta tsaya a tsakar gida tana kallon ƙurarta, ta rasa dariya za ta yi ko kuka.

Washegari ta share tebur, ta kai shuɗin littafi da 'yarsa saman firiji, ta jawo kujera mai hannu kusa da injin.

"Baba, yau kai ne malami. Shugabar Makaranta ta ba ka aji."

Ita da Opal suka kamo shi suka zaunar. Sai a lokacin, cikin hasken taga, ta ga abin da ta ƙi gani duk hunturun. Rigarsa ta yi masa yawa, leɓunansa sun yi shuɗi-shuɗi, ɗan takun nan daga gado zuwa tebur ya cinye masa numfashin da zai yi magana da shi. Opal ta zauna da fensir da takarda, a shirye.

"Ajiye fensir," in ji Renita. "Wannan ba a ba da maki."

Verlin ya dubi jikarsa, idonsa ya yi haske kamar da. Ya buɗe baki.

"Shekarar... an yi... sanyi."

Tari ya sarƙe shi. Suka jira, Renita na shafa masa baya. Ya sake gwadawa, ya samu sunan Dell ya fito, daga nan iska ta ƙare. Ya zauna yana haki, ƙirjinsa na hawa da sauka, labarin duka yana nan a cikinsa babu abin da zai ɗauko shi waje. Can ya ɗaga hannu ya kaɗa, kamar mai korar ƙuda.

"Gobe, Tsako."

Kafin makon ya fita an kai shi asibiti, bai kuma dawo ba.

Bayan an binne shi aka sauko ɗakin ƙasa na coci cin abinci, kamar yadda muke yi wa kowane mamaci. Teburan nan dai ne, an jera su da soyayyar kaza da wake da dankali. Cinikin littattafai saura 'yan kwanaki, don haka kwalayen da mata suka fara kawowa suna jibge jikin bango, an yafa musu zane. Tsofaffin abokan aikinsa sun zo, waɗanda suka rage, biyu daga cikinsu suna jan tasu tukunyar iska a kan 'yar taya. Suka zauna tebur ɗaya, hulunan ƙungiyar ƙwadago a kan gwiwa.

Ɗaya daga cikinsu, Hobart, wanda aka kulle tare da Verlin a shekarar yajin, ya yafito Opal da hannu. Renita tana kusa tana zuba shayi.

"Ke ce Tsako, ko? Kullum in na buga masa waya zancenki ne. Ya ce min, Hobart, mu mutu kawai, na zuba komai a kan yarinyar nan, ba abin da zai ɓata." Ya waiwaya ga sauran. "Ku yi shiru ku ji. Faɗa mana, 'yata. Me muka fito titi muka yi, me ya jawo?"

Tsofaffin suka ajiye cokula. Opal ta tsaya cikin baƙar rigar da aka aro mata, ta dubi Hobart, sannan ta juyo ta dubi uwarta, irin duban da take yi mata da safe kafin tsakar rana.

"Mama, wacce zan faɗa musu?"

Renita ta ajiye butar.

"Ta Papaw ɗinki. Faɗi tasa."

Yarinyar ta runtse ido, leɓunanta na motsi. Ta fara, akwai Dell, akwai rufi, akwai mata a titi, sai ta tsaya. Ta sake farawa daga wani wurin, ta sake tsayawa. Hobart yana murmushi yana gyaɗa kai, yana jira. Opal ta buɗe ido, hawaye ya cika su, ta matso jikin uwarta ta yi magana ƙasa-ƙasa, amma ɗakin ya yi tsit har kowa ya ji.

"Ta warwatse min, Mama. Ta littafin ce na iya, ita kika sa na kwafa."